Yadda Albashir Ya Ɓoye Sunan Hajiya

Ku gyara zama. Labarin nan ba shi da gaggawa, mai labarin ne kawai Allah ya yi shi da ita.

A Argungu akwai wata 'yar ƙungiya ta masunta da manoman shinkafa, wadda duk dukiyarta ba ta wuce jirgin ruwa guda ba. Aikin jirgin kuwa sananne ne. Idan damina ta yi nisa, ruwa ya cika fadama ya yanke hanyoyin ƙauyukan ƙetare, shi ke ɗauko marasa lafiya da mata masu naƙuda ya kawo su asibitin gari. Shugaban ƙungiyar wani dattijon masunci ne, Malam Labbo, mutumin da in ya yi magana mai tsawo iyalinsa kan tambaye shi ko lafiya. Man jirgi da gyaransa kuwa, 'yan asalin yankin da ke zaune a birane ne ke aikowa, kowa abin da ya sawwaƙa. Labbo kan kira su bayan sallah ya yi musu godiya a taƙaice ya kashe waya. Haka ake tafiya shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

To, a wannan shekarar sai injin jirgin ya mutu. Ba suma ya yi ba. Makaniki ya buɗe shi, ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya yi wa Labbo ta'aziyya. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga Baiwa, 'yar Labbo ɗin da kansa, tana aure a ƙetare da tsohon ciki. In fadama ta cika kuwa aka ce da hannu za a tuƙo mai naƙuda, sai ta haihu a hanya, a yi suna, kafin a hango Argungu.

Ana cikin wannan sai ga Albashir.

Albashir ɗan ƙanwar Labbo ne. Yana zaune a Gwadangaji cikin Birnin Kebbi, yana da ɗan shagon sayar da caja da murfin waya. Wata rana aka yi taron bita a wani otal kan yadda ƙungiyoyin taimako za su ƙarfafa dangantaka da masu ba su tallafi ta intanet. Albashir ya je kai wa wani caja, ya ga ana shigowa da shinkafa da kaza, ya samu kujera. Da aka tashi ya fito da kati rataye a wuya, da wani ilimi da ya ce ko a Abuja mutum uku ne ke da irinsa, biyu daga cikinsu kuma sun yi ritaya. Tun daga ranar har Hausarsa ta canja, ta koma irin ta masu karanta labarai a rediyo.

Ya hau mota ya tafi Argungu, ya tarar da kawunsa a bakin ruwa yana kallon jirgi.

"Kawu, kun san abin da ke kashe ƙungiyar nan?"

"Inji," in ji Labbo.

"Ba inji ba ne. Rashin dangantaka ne. Ku kun ɗauki mai tallafi kamar rijiya, a zura guga a ja a tafi. Alhali ɗan'uwa ne. Zumunci yake so. A gaishe shi, a san damuwarsa, a gode masa gaban jama'a. Ku ba ni wayar ƙungiya kawai. Kafin ruwa ya taɓa gindin tsamiyar can, inji uku za ku samu."

"Jirgi guda ag gare mu."

"Sai a sa biyu a baya, ɗaya a gaba."

Labbo ya daɗe yana dubansa. Shi dai a waya abu biyu ya sani, kore da ja. Ya sa hannu aljihu ya miƙa masa.

Da Albashir ya koma gida ya gaya wa matarsa Kulsumi cewa daga yau shi ne Daraktan Hulɗa da Masu Tallafi, tana tankaɗen gari ba ta ɗago ba.

"Zumunci za ka koya ma mutane?"

"Ƙwarai."

"Kai da gaisuwar surukanka sai na tuna maka?"

"Wannan na gida ne. Ni na ƙasa da ƙasa nake magana."

Ya buɗe zaure a WhatsApp ya zuba duk wanda ya taɓa aiko da ko kuɗin galan ɗin mai. Kowace safiya bayan asuba sai ya danna ya fara gaisuwa da murya, mutum bayan mutum, kowa da sunansa da na ubansa. Ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya iyali, ya mai jiki, ya haƙuri da mu. In ya kai ƙarshe ya tuna ya tsallake wani, sai ya koma farko, don kada a ce an yi son kai.

Ba a amsa ba. Albashir ya ce kunya ce, kuma maganin kunya a ga juna. Ya fara kira ta bidiyo. Na farko da ya samu shi ne Dakta Mujtaba, likita ɗan Argungu da ke aiki a Kanada. Fuskar likitan ta bayyana cikin duhu, ido ɗaya a buɗe.

"Likita bokan Turai! Mun tashi lafiya?"

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Gaisuwa ce."

"Albashir, nan ko barci ban yi nisa ba."

"Na ga duhu. Allah sarki, ashe ku ma ana ɗauke muku wuta."

Likita ya fita daga zauren. Albashir ya mayar da shi. Wani Injiniya Sunusi, ɗan Gulma da ke aiki a Fatakwal, shi ma ya fita. Albashir ya mayar da shi. Ya sake fita, aka sake mayar da shi. Da abin ya ƙi ƙarewa, Albashir ya sa babbar riga, ya sayi goro, ya hau kabu-kabu har Gulma wurin mahaifin Injiniya, tsoho mai ran ƙarfe da ke zaune a kan buzu a ƙofar gida.

"Baba, ba ƙara na kawo ba."

"To mi ka kawo?"

"Goro. Amma dai Injiniya, ana zaune cikin 'yan'uwa ana gaisawa, sai ya tashi ya fita."

"Ya yi sallama?"

"Ko tari bai yi ba, Baba."

Tsoho ya ce a kira masa shi yanzu, a kuma buɗe murya kowa ya ji. Injiniya Sunusi, mutum mai furfura, yana tsakiyar taro da ma'aikatansa, ya tashi tsaye ya sha faɗan da rabonsa da irinsa tun yana satar mangwaro. Da yamma ya dawo zaure da kansa. Amma abin da ya saba aikowa duk wata bai sake zuwa ba.

"Kin gani?" Albashir ya ce wa Kulsumi. "Ya dawo."

Daga nan sai ya tuna cewa a gidansu ba a taɓa mayar wa maƙwabci da kwanonsa ba komai a ciki. Yaya za a yi mutum ya aiko da tallafi a bar shi hannu sake? Ya sayi bandar tarwaɗa a Argungu, ya cika kwalaye, ya kai tasha. Kwalin Injiniya ya hau saman wata mota, ruwan sama ya same shi a Kwantagora, motar ta lalace a Lakwaja, rana ta buɗe a kansa, ruwa ya sake sauka. Ranar da ya isa ofis a Fatakwal, sai da masu gadi suka fitar da mutanen bene guda saboda wari. Albashir ya rubuta a zaure cewa ana roƙon Injiniya ya turo hotonsa yana cin kifin, don ƙarfafa wa sauran gwiwa.

Amsar ta zo a gajarce: "Don girman Allah."

Albashir ya nuna wa Kulsumi. "Dubi. Abin ya taɓa masa zuciya, har ya rasa ta cewa."

Kafin wata ya ƙare zauren ya yi tsit kamar kasuwa bayan magariba. Ba inji uku, ba ko igiyar tayar da inji. Ruwa kuwa ya fara sauka da gaske.

Sai wata safiya wayar ƙungiya ta yi ƙara. Muryar wata dattijuwa ce.

"Salamu alaikum. Malam Labbo?"

"Daraktan Hulɗa da Masu Tallafi ke magana."

"Wa?"

"Albashir, ɗan ƙanwarsa."

"To, ɗana, ka hwaɗa mishi Ɗayyaba ta ce inji na nan tahe daga Legas. In ya iso shi aiko a ɗauka. Amma sharaɗina na nan yadda ya sani. Kada a ji sunana. Ko da wasa."

Hajiya Ɗayyaba babbar dillaliyar shinkafa ce a Birnin Kebbi, 'yar gidan malamai. Mahaifinta ya hore ta tun tana ƙarama cewa sadakar da aka ji labarinta ta rage albarka, ita kuma ta riƙe wannan da hannu biyu. Shekaru da yawa rabin man jirgin nan daga wurinta yake zuwa, kuma ban da Labbo ba mai rai da ya sani.

"Hajiya," in ji Albashir, "sirri a wurina kamar an jefa dutse a kogin Matan Fada ne. Ba ya tasowa."

Yana ajiye wayar ya leƙa madafa.

"Kulsumi, akwai wani sirri da ba zan gaya miki ba."

"To."

"Ko kin roƙe ni."

"Ban roƙa ba."

"Na wata Hajiya ce."

Ya tafi Argungu ya shaida wa kawunsa cewa tsarinsa ya fara haihuwa, inji na farko yana hanya. Labbo ya gane wadda ta kira. Ya kama hannun rigar Albashir, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka riƙe bakinka. Shekara da shekaru ita ka sayen rabin man jirgin ga, ba wanda ya ji."

"Kawu, suna ba zai fito ba. Amma godiya dole ce. A bita an ce mai tallafin da ba a gode masa a bainar jama'a ba, zuciyarsa tana yin sanyi."

"Wagga zuciyarta ba ta sanyi. Bar ta."

"Za a bar ta, Kawu. Godiya kawai za a yi mata."

Ya nemi Hodi. Hodi maroƙi ne, kuma duk ƙasar Kabi ba wanda ya kai shi sanin asalin mutane. In ka gaya masa sunan kakanka, zai gaya maka wanda kakan naka ya ci bashin jaki a wurinsa. Albashir ya ja shi gefe ya raɗa masa komai, sannan ya ce za a yi Ranar Godiya a bakin ruwa, kai tsaye a Facebook, duniya na kallo.

"Amma ba suna," in ji Albashir.

"Ba suna? To mi za ni kamawa?"

"Ka bi gefe-gefe."

Hodi ya yi lissafi da yatsu. "Gehe-gehe ya hi tsada," ya ce. "Aiki ya hi yawa."

Ranar ta zo. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika irin ta masu wa'azi. Mutanen Argungu ba sa ƙin taro, balle an ce za a gan su a Kanada. Albashir ya ɗaure waya a jikin sandar tuƙi ya kafa ta a laka, ya gyara katinsa na wuya, ya yi jawabin da har wata akuya ta kwanta ta yi barci. Malam Labbo yana zaune a kujerar gaba, an ce masa addu'a kawai za a yi.

Sannan Hodi ya karɓi lasifika.

"Jama'a! Akwai wata uwa! An hana mu suna, kuma ba mu hwaɗi! Ko yanka mu za a yi ba mu hwaɗi!"

Albashir ya dubi kawunsa ya gyaɗa kai, irin na ka gani ko.

"Ɗiyar malam, jikar malam! Wadda kakanta ya karantar da rabin Birnin Kebbi ƙarƙashin durumi! Uwar shinkafa! Mai situna jere bakin kasuwa! Wadda ta tahi Makka ta dawo ta koma don ta manta ba ta gaida wani ba!"

"Gefe-gefe," Albashir ya raɗa masa.

"Gehe muke, Darakta! Mun ce ga gidanta? Ba mu ce ba! Ba mu ce in ka wuce gidan mai ka karya dama ba! Ba mu ce ƙyaure kore ba! Ba mu ce da itacen dogon yaro biyu a ƙohwa, guda ya karkace ba!"

Wani ɗan kabu-kabu daga baya ya ce, "Kai, ni na san gidan ga. Shekaranjiya na kai buhu."

Wata tsohuwa mai tallan ƙuli ta tafa hannu. "Ɗayyaba ta! Wallahi Ɗayyaba ta! Tare munka yi makarantar allo!"

Sunan ya bi taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa. A fuskar waya rubutu ya fara gudu, har Dakta Mujtaba daga Kanada ya rubuto addu'a. Albashir ya ga abin zai lalace, ya ce bari ya gyara. Ya fizge lasifika, ya matsa dab da waya har hancinsa ya cika hoton.

"Jama'a, ku zama shaida! Duniya tana kallo! Ni ban ce Hajiya Ɗayyaba ce ba! Hodi bai ce Hajiya Ɗayyaba ce ba! Duk wanda ya ce Hajiya Ɗayyaba mai shinkafa ce ta sayo mana inji daga Legas, kuma ita ce ke sayen mai shekara da shekaru, to shi ya jiyo, ba daga bakina ba! Domin ita da kanta ta roƙe ni kada in faɗa!"

Malam Labbo ya miƙe, ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya taka a hankali har bakin ruwa, ya shiga jirgin da ba inji, ya zauna ya ba jama'a baya.

Bidiyon ya zaga gari kafin a kira isha'i. Albashir ya koma gida yana nuna wa Kulsumi yawan waɗanda suka kalla.

"Ka faɗi sunan?" ta tambaya.

"Musantawa na yi."

Kashegari da Hajiya Ɗayyaba ta aika a buɗe ƙyaure, sai aka ga layi. Akwai wanda ruwa ya rushe wa katanga, akwai mai son ƙarin aure, akwai mai saniya mara lafiya. 'Yan ƙwallon unguwa sun zo neman riguna. Wani mutum ya zo shi ma inji yake so. Aka tambaye shi ina jirginsa, ya ce in dai an samu inji ai jirgi mai sauƙi ne. Layin bai ragu ba, kullum ƙaruwa yake. Mai shayi ya kafa tebur ƙarƙashin dogon yaron da ya karkace, mai ƙosai ta kafa kasko ƙarƙashin ɗayan. Hajiya, matar da ba ta taɓa fashin kasuwa ba, ta koma fita ta gidan maƙwabta, ta wata 'yar ƙofa da ake korar awaki.

Ta nan ta aika aka shigo da Labbo da Albashir, a sunkuye.

Injin yana tsakar gida cikin akwatin katako, sabo fil. Hajiya tana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Ta amsa gaisuwar Labbo da mutunci, sannan ta juyo.

"Kai ne Daraktan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe, kodayake a gaskiya abin da ya faru..."

"Zamna ƙasa."

Ya zauna.

"Malam Labbo, ka san sharaɗina. Injin ga ba shi hita gidan ga da sunana bisa kai. Na gwammace in maishe shi Legas."

Albashir ya ɗaga hannu kamar a aji. "Hajiya, abu mai sauƙi ne. In fita yanzu in kunna waya in ce ba ke kika saya ba."

"Ƙarya? A ƙohwar gidan ubana?"

"To in ce ke ce, amma kin talauce."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"To in ce akwai wata Ɗayyabar daban, ita ma mai shinkafa, ita ma ƙyaurenta kore..."

"Yi shiru," in ji Labbo. Ya juya wurin Hajiya, ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a wannan shekarar. "Hajiya, kin hi mu gaskiya. Laihina ne, ni na ba shi waya. Amma ruwa ya ruhe hanya tun shekaranjiya. Mata na can ƙetare. Baiwa ma watanta ya tsaya."

Hajiya ta daɗe tana jan carbi. Daga waje ana jin mai shayi yana kaɗa ƙwai. Can sai ta ajiye carbin.

"Albashir, taso. Dahwa akwatin ga."

Ya dafa.

"Na ba ka injin ga kyauta, halak malak, Malam Labbo shaida. Ka karɓa?"

"Ni?"

"Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

"Na karɓa."

"Yanzu na wa ne?"

"Nawa ne."

"To mi za ka yi da shi?"

Albashir ya dubi akwatin. Ya ɗan daɗe yana dubansa fiye da yadda ya kamata, har ya shafa gefensa. Labbo ya yi gyaran murya.

"Na ba ƙungiya," ya ce da ƙaramar murya.

"Madalla. Wa ya ba ƙungiya inji?"

"Ni."

"Ka ga babu ƙarya ciki. Hita ƙohwa ka kunna wayar taka ka hwaɗa ma duniya. Inji naka ne, kai ka ba da. Iyakarta ke nan. Kada ka ƙara ko wasali."

Aka buɗe koren ƙyaure. Albashir ya fito ya hau kan wani benci, ya ɗaga waya sama, ya kunna kai tsaye. Layi ya miƙe tsaye.

"Jama'a, injin nan nawa ne. Ni na ba ƙungiya."

Ya rufe baki. Ya yi niyyar sauka, Allah ya sani ya yi niyya, har ya sauke ƙafa ɗaya. Sai mai neman ƙarin aure ya yi dariya.

"Kai? Ba kai ne mai caja na Gwadangaji ba?"

"Shi ne," in ji wani. "Ya taɓa sayar min da wadda ba ta kai sallar azahar ba."

Dariya ta tashi. Albashir ya mayar da ƙafarsa kan benci.

"Shagon caja?" ya ce. "Shagon cajan da kuke gani ai rufin asiri ne. Mu irinmu ba ma son a sani. Kun taɓa ganin mai abu na gaske yana yawo da shi a goshi? Wannan injin da kuke magana, wallahi ban ma san ya fita daga jikina ba. Ɗan ƙaramin ne. Manyan suna kan teku. Ku tambayi Kanada wa ke tashinsu daga barci. Ku tambayi Fatakwal wa ke ciyar da su kifi. Ni in na tashi kyauta, matata ce kawai ke riƙe ni, ita ma da hannu biyu!"

Dariyar ta tsaya. Mutane suka fara duban juna. Wani ya ce dama shi ya daɗe yana zargi, don mutum ba zai yi ta sayar da caja marar aiki haka ba sai in ba kuɗin yake nema ba.

Mai shayi ne ya fara naɗe teburinsa. Mai ƙosai ta juye mai a galan. Mai neman inji ya ɗaga murya ya ce, "Ina ne gidan?"

"Gwadangaji!" 'yan kabu-kabu suka amsa baki ɗaya, suna tayar da babura. "Gwadangaji, mutum biyu-biyu!"

Kafin Albashir ya gama bayanin jiragen da ke kan teku, ba kowa a gabansa sai akuyar maƙwabta. Hajiya ta leƙo, ta ga ƙofarta fayau har bakin titi. Ta ce a kawo mota. Aka fitar da inji ta babbar ƙofa, Labbo ya zare wayar ƙungiya daga hannun ɗan ƙanwarsa, ya hau bayan motar ya rungume akwatin har Argungu. A cikin makon nan jirgi ya ƙetaro da Baiwa, ta sauka lafiya a asibiti, namiji.

Albashir kuwa ta katangar baya ya shiga gidansa a ranar, ya bar rabin aljihun rigarsa a kan ƙusa. Ya rarrafa ya shige ɗaki, ya zauna bayan ƙofa. Daga waje ana ta sallama, wani na bin wani. Har an fara kiransa Alhaji.

"Kulsumi," ya raɗa, "ki ce musu na yi tafiya."

"Sun ga takalminka."

"Ki ce na tafi ba takalmi. Ki ce gaggawa ce."

Kulsumi ta buɗe akwati ta ɗauko mayafinta na zuwa biki, ta yafa, ta duba madubi, ta ɗauki 'yar kujerarta ta tsugunno.

"Ina za ki?"

"Layi za ni bi."

"Wane layi?"

"Na ƙohwar gida. An ce maigidan nan in ya tashi kyauta sai an riƙe shi da hannu biyu. Ni shekara da shekaru ina cikin gidan, ba wanda ya hwaɗa min. Rufin madafata yoyo yake yi." Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "In ka ga Alhajin, ka sa min baki. Na ji an ce kun saba."

Ta fita ta ja ƙyaure. Yana ji tana tambaya a waje, cikin ladabi, wane ne na ƙarshe.